Singafo zuwa New York: kilomita nawa ne, kuma me ya sa lissafin ke saɓawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na karanta cewa tafiya mafi tsawo da jirgin fasinja ke yi ba tare da ya ya da zango ba ita ce daga Singafo zuwa New York, wai kilomita 15,349. Amma da na bi sawun jirgin a manhajar waya sai na ga ya ci fiye da kilomita 16,000, kuma hanyar da ya bi a zuwa daban take da ta dawowa. Wanne ne daidai? Sannan me ya sa layin da ke kan taswira yake lanƙwasa ya yi arewa maimakon ya miƙe?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun daidai ne, abin da kowanne ya auna ne ya bambanta. Kilomita 15,349 shi ne mafi gajartar nisa a doron ƙasa tsakanin filin jirgin Changi na Singafo da filin John F. Kennedy na New York. Wannan adadi ba ya motsi, yau da gobe ɗaya ne. Wanda ka gani a waya kuwa shi ne abin da jirgin ya ci a wannan ranar, kuma da ka sake dubawa washegari da wuya ka tarar da adadi iri ɗaya. A wannan hanya ba abin mamaki ba ne jirgi ya ci kilomita 16,500 ko ma ya doshi 17,000, kuma da gangan ake yin hakan.

Bari mu fara da na farkon, don kana iya lissafa shi da kanka da biro da takarda. Filin Changi yana kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, digiri 1.36 ne kawai a arewa da ita, sannan digiri 104 a gabas. Filin Kennedy yana digiri 40.64 a arewa, kusan digiri 74 a yamma. Haɗa 104 da 74, ka sami 178. Zagayen duniya duka digiri 360 ne, rabinsa 180. Ke nan waɗannan birane biyu saura ƙiris su zama ɗaya yana wannan fuska ta duniya, ɗayan yana ɗaya fuskar daidai wa daida. In haka ta kasance, hanya mafi kusa ba gabas take ba, ba kuma yamma ba. Arewa za ka miƙa har ƙuryar duniya, can inda duk layukan tsaye na taswira ke haɗuwa, ka gangara ta ɗaya gefen. Daga Singafo zuwa ƙuryar arewa digiri 88.64 ne, wato 90 a cire 1.36. Daga can zuwa New York digiri 49.36, wato 90 a cire 40.64. Jimilla digiri 138. Kowane digiri ɗaya kilomita 111 ne da 'yan kai, don haka 138 sau 111.2 zai ba ka wajen kilomita 15,345. Ka ga mun zo bakin adadin da ka karanta ba tare da kwamfuta ba.

'Yar tazarar da ta rage tana da dalilai biyu. Na farko, 178 ba 180 ba ne, don haka layin ba ya bi ta kan ƙuryar daidai, yana ɗan gocewa. Na biyu, duniya ba dunƙulalliya ba ce sumul, ta ɗan fi faɗi ta ƙugu. Daga tsakiyarta zuwa ikwaita kilomita 6,378 ne, zuwa ƙuryar arewa kuwa 6,357. Wanda ya yi lissafi a kan cewa ƙwallo ce cikakkiya zai sami wajen 15,340, wanda ya yi la'akari da wannan ɗan faɗin zai sami 15,349. Shi ya sa in ka buɗe shafuka uku za ka iya ganin adadi uku, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Wani ma daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari yake aunawa, ba daga filin jirgi ba.

Akwai kuma rikicin ma'auni, kuma shi ya fi rikita mutane. Za ka ga 9,537 a wani wuri, 8,288 a wani. Na farkon mil ne na ƙasa irin wanda Amurkawa ke amfani da shi, kowane ɗaya kilomita 1.609. Na biyun mil ne na teku, kowane ɗaya kilomita 1.852, kuma da shi matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jirage ke aiki. Ba don son bambanta ba ne: mil ɗin teku ɗaya daidai yake da kashi ɗaya cikin sittin na digiri, saboda haka digiri 138 sau 60 ya ba ka 8,280 nan take. Mai aiki da taswira ba ya son abin da ya fi wannan sauƙi.

Maganar lanƙwasa kuwa, laifin taswira ne. Sami lemo, ka ɗiga alama biyu a jikinsa, ɗaya a ƙugu, ɗaya a bayansa can sama-sama. Ɗauki zare ka ɗora bakinsa a kan alama ɗaya, ka ja shi tsam zuwa ɗayar. Za ka ga zaren da kansa ya haye ta saman lemon, bai zagaya ta ƙugu ba. To ɓare lemon ka shimfiɗa ɓawon a kan faranti, dole ya tsage ko ka miƙe wasu sassan kafin ya kwanta. Abin da masu zana taswira suka yi ke nan. Taswirar da aka fi sabawa da ita ta samo asali ne daga zanen Gerardus Mercator na 1569, wadda ke buɗa yankunan da ke kusa da ƙuryoyin duniya fiye da kima. A kanta tsibirin Girinlan yana neman yin kafaɗa da Afirka, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14. A irin wannan taswira, miƙaƙƙen layi kan fito a lanƙwashe, lanƙwasasshe kuma ya fito a miƙe.

Musulmi ya riga ya san wannan lissafi ko da bai san ya sani ba, domin shi ne na alƙibla. Makka tana digiri 21 a arewa, New York tana 40. Mai kallon taswirar bango zai rantse cewa mutumin New York kudu maso gabas zai fuskanta. Amma masallatan birnin arewa maso gabas suke kallo, wajen digiri 58 daga arewa, saboda zaren da aka ja daga can zuwa Ka'aba ta nan yake tashi.

In da jirgin Singafo zai bi zaren sak, zai tashi ya yi arewa ta kan Malesiya, ya ratsa yankin Tailan da Laos, ya shiga Sin, ya wuce Mongoliya da Saberiya ta Rasha, ya gifta kusa da ƙuryar arewa, sannan ya gangaro ta tsibiran arewacin Kanada da lardin Kwibek zuwa New York. Amma ba kasafai yake yin haka ba, kuma babban dalilin iska ce.

Nan ne mutane da yawa ke kuskure, don suna ɗaukar jirgi kamar mota. Mota a kan ƙasa take tafiya, shi kuwa jirgi a cikin iska yake, iskar kuma ita ma tafiya take yi. Jirgin A350, samfurin da ke yin wannan tafiya, yana keta iska da gudun kusan kilomita 900 a awa. In iskar da yake ciki tana tafiya inda ya nufa da gudun kilomita 150, to a ƙasa za a ga yana cin 1,050. In gaba take yi da shi, 750 zai ci, kuma man da injin ke sha bai ragu ba ko kaɗan. A tsayin da jirage ke tafiya, tsakanin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, akwai wani zirin iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a tsakiyar arewacin duniya. Da hunturu yakan haura kilomita 300 a awa, musamman ta kan Jafan da arewacin Tekun Atilantika. A watan Fabrairun 2020 wani jirgin Boeing 747 na British Airways ya hau wannan iska lokacin guguwar Ciara, ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da aka saba yi a fiye da awa shida.

Ga misali da alƙaluman da na ƙirƙira don bayani kawai. Hanya ta farko kilomita 15,400 ce, amma iska na gaba da jirgi da matsakaicin gudun kilomita 30. Gudunsa a ƙasa ya zama 870, tafiyar ta ɗauki awa 17.7. Hanya ta biyu kilomita 16,700 ce, iska na tura shi da matsakaicin 90. Gudunsa ya zama 990, tafiyar ta ɗauki awa 16.9. Ta biyun ta fi tsawo da kilomita 1,300, amma ta fi sauri da kusan minti hamsin. In ka auna iskar da jirgin ya keta, wato awannin sau 900, ta farko ta kai wajen 15,900, ta biyu kuwa 15,200. Inji wannan nisan ya sani, bai san na taswira ba. Minti hamsin a jirgi irin wannan tan-tan ne na mai, kuma kamfani ba ya wasa da su.

Saboda haka abin da ka gani a wayarka ba ɓatan hanya ba ne. Daga Singafo, jirgin yakan yi arewa maso gabas ta Tekun Kudancin Sin, ya bi ta gefen Jafan inda iskar ta fi ƙarfi, ya haye arewacin Tekun Fasifik zuwa Alaska, ya ratsa Kanada ya sauka. In zai dawo, maimakon ya juyo ya yi karo da iskar da ta kawo shi, sau da yawa sai ya ƙara yin gabas: ya haye Atilantika, ya ratsa Turai, ya bi ta yankin Turkiyya zuwa Indiya, ya gangara ta Tekun Bengal. Zuwa gabas, dawowa gabas. Jirgin da ya yi wannan zuwa da dawowa ya zagaye duniya cur. Wannan dama ba kowace hanya ke da ita ba. Tana samuwa ne don biranen biyu suna fuskoki biyu na duniya, ta yadda ko ta ina ka bi bambancin ba ya da yawa sosai, sai iska ta raba gardama.

Wani zai ce ai duniya da kanta tana juyawa zuwa gabas, da gudun kusan kilomita 1,670 a awa a ikwaita, don haka mai tafiya yamma ya kamata ya fi sauri tunda inda za shi yana tahowa gare shi. Ba haka abin yake ba. Iska da jirgi da filin jirgi duk tare suke juyawa da duniyar. Juyawar tana da hannu, amma ta bayan gida: ita da bambancin zafi tsakanin ikwaita da ƙuryoyi ne ke sa wancan zirin iska ya fuskanci gabas.

Bayan iska sai siyasa. Sararin samaniya yana da masu shi, kowace ƙasa tana iya buɗe nata ko ta rufe, kuma wanda ya ratsa sai ya biya kuɗin wucewa. Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, kamfanonin Turai da Amurka da wasu da yawa suka daina bi ta kan Rasha, wadda kuma ita ce ke shimfiɗe a kan mafi yawan gajerun hanyoyin da ke tsakanin Asiya da Turai ko Amurka. Tafiyar kamfanin Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo da ke ɗaukar wajen awa tara ta koma kusan goma sha uku, alhali biranen ba su gusa ko taku ɗaya ba. Mu ma mun ɗanɗana. Daga Kano zuwa Jidda wajen kilomita 3,400 ne in an miƙe ta kan Chadi da Sudan. Da yaƙi ya tashi a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe samaniyarta, dole jiragen alhazai suka yi zagaye, har kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera.

Sai kuma dokar filin ko-ta-kwana. Jirgi mai inji biyu ba a yarda ya yi nisa da filin da zai iya sauka ba fiye da wani adadin mintuna, ko da inji ɗaya zai mutu. A da minti 60 ne. Da injuna suka ƙara aminci aka yi ta ɗagawa, har A350 ya sami izinin da ya kai minti 370. Duk da haka mai tsara hanya sai ya duba cewa filayen da ya dogara da su a buɗe suke a wannan daren, kuma yanayinsu zai bari a sauka. A can arewa mai nisa filayen ƙalilan ne, ga sanyin da kan sa a riƙa sa ido a kan man da ke cikin fukafukai, domin man jirgi samfurin Jet A-1 yana fara daskarewa a digiri 47 ƙasa da sifili, samfurin Jet A da ake sha a Amurka kuwa a 40. Ƙara da kauce wa hadari, da bin layukan da masu kula da sama suka shata, da zagayen jiran izinin sauka, duk suna ƙara 'yan kilomitoci.

Game da lokaci, abin da ke kan tikiti yakan kasance tsakanin awa 18 da rabi zuwa 19. Wannan daga ture jirgi daga ƙofa ne zuwa tsayawarsa a ɗaya ƙofar, har da tafiyar ƙasa da layin jiran tashi, wanda a filin Kennedy ba ƙarami ba ne. Zaman sama zalla yakan gaza haka. Kada kuma agogon tikiti ya ruɗe ka, kowane lokaci na garinsa ne. Singafo tana gaban New York da awa 12 a lokacin zafi, 13 da hunturu. Wanda ya tashi ƙarfe 12 na rana a Singafo ya yi awa 18 da rabi, zai sauka New York 6:30 na yammacin wannan ranar dai, in lokacin zafi ne. Mai kula da salla ya lura da wani abu a nan: tunda gabas ake yi, rana takan faɗi da wuri ta kuma fito da wuri, sai ka ga cikin awa 18 da rabi an ratsa azahar, la'asar, magariba, isha, asuba, ga wata azahar ɗin da la'asar. Hukuncin wannan na malamai ne, amma agogon hannu ba zai taimake ka ba, taga da taswirar da ke gaban kujera sun fi shi amfani.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan hanya shi ne yadda nisan ya tilasta wa jirgin kansa sauya siffa. Kamfanin Singapore Airlines ya fara zuwa filin Newark, maƙwabcin New York, kai tsaye a 2004 da jirgin A340-500 mai inji huɗu. Da farko kujeru 181 ne, daga baya aka mayar da su 100, duk na manya. A 2013 aka dakatar, lokacin gangar ɗanyen mai tana sama da dala 100, inji huɗu kuma ba sa ƙoshi. Sai a Oktoban 2018 aka dawo da A350-900ULR mai inji biyu, sannan a Nuwamban 2020 aka buɗe ta filin Kennedy, wadda ta ɗara ta Newark da 'yan kilomitoci kaɗan. An faɗaɗa wa wannan jirgi ma'ajiyar mai daga lita 141,000 zuwa 165,000. In an cika ta, man kaɗai ya kai wajen tan 130, a jirgin da iyakar nauyinsa na tashi tan 280 ne. Kujeru 161 kacal aka sa masa, 67 na manya, 94 na matsakaita, babu na gama-gari ko ɗaya. Matuƙa huɗu ne ke karɓa-karɓa.

Dalilin ƙarancin kujerun shi ne mai yana cin mai. Litar da za a ƙona a awa ta goma sha bakwai sai an ɗauke ta tun daga awa ta farko, kuma ɗaukarta ma mai take ci. Shi ya sa jirgin ba ya iya hayewa can sama da farko, sai ya fara daga ƙasa-ƙasa, yana ƙona mai yana sauƙi yana ƙara hawa mataki-mataki. Duk kilon da aka ba mai an hana fasinja ko kaya. A ganina wannan ne ya sa irin waɗannan dogayen tafiye-tafiye ba za su taɓa zama na kowa da kowa ba: wanda ke biyan kuɗinsu shi ne wanda awa uku ko huɗu da zai ɓata a zango suka fi masa kuɗin tikiti tsada.

In ka kwatanta da mai ya da zango za ka ga abin da nake nufi. Kamfanin yana da wani jirgin da ke zuwa New York ta Farankfot a Jamus. Singafo zuwa Farankfot wajen kilomita 10,280 ne, daga can zuwa filin Kennedy wajen 6,200, jimilla kusan 16,500. Wato kusan daidai da abin da mai tafiya kai tsaye ke ci a ranar da ya bi ta Turai. Nisan ɗaya ne, bambancin sauka da jira da sake tashi ne, sai kuma cewa mai zango ba ya buƙatar ɗaukar man tafiyar gaba ɗaya a lokaci guda, don haka yana da wurin kujerun talaka da kaya.

In aikin makaranta kake yi ko kana kwatanta wata hanya da wata, yi amfani da 15,349, domin da irin wannan ma'auni ake jera hanyoyin jirage, kuma da shi dokar Tarayyar Turai ke auna nisa in za a biya fasinja diyyar jinkiri. In kuwa so kake ka san abin da jirgin jiya ya yi, buɗe FlightAware ko Flightradar24 ka nemi jirgi mai lamba SQ24, mai zuwa New York, da SQ23, mai dawowa. Duba na kwana bakwai a jere, ka sake dubawa bayan wata shida, ka kwatanta layin hunturu da na lokacin zafi.